Tekun Ross: Kariyar da Aka Yanka wa Wa'adi

Ranar 28 ga Oktoba, 2016, a birnin Hobart da ke tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya, wakilan ƙasashe 24 da na Tarayyar Turai suka cimma matsaya kan batun da suka shafe shekara biyar suna kai ruwa rana a kansa. Sun amince a killace wani yanki na Tekun Ross, can a gefen nahiyar Antaktika, mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.55, wato kusan ninki uku na ƙasar Faransa. A wancan lokacin babu wani yankin teku a duniya da aka taɓa bai wa kariya mai wannan girman. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Disamba, 2017, kuma a kashi 72 cikin ɗari na yankin an haramta kamun kifi na kasuwanci kwata-kwata.

Sai dai a cikin takardar akwai wani sharaɗi da ya fi tsaya mini a rai: kariyar ta shekara 35 ce. A 2052 za ta faɗi da kanta, sai in duk mambobin sun sake yarda a tsawaita ta. Kifin da aka yi wannan ja-in-ja dominsa kuwa yana iya rayuwa shekara 40 ko fiye.

Wurin da kansa

Tekun Ross wani ƙaton lungu ne da ruwa ya kutsa cikin Antaktika, kudu da New Zealand. Ya samo sunansa daga James Clark Ross, matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya da ya isa wurin a 1841, ya yi ta nausawa kudu har ya ci karo da bangon ƙanƙara da ya tare masa hanya. Wannan bango shi ne bakin wata shimfiɗar ƙanƙara da ke kwance a kan ruwa, wadda ita kaɗai ta kai girman Faransa.

Abin da ya sa wurin ya cika da rai shi ne iska. Iska mai tsananin sanyi tana gangarowa daga tudun nahiyar, ta riƙa tura ƙanƙarar da ke saman teku zuwa arewa, sai a samu fili na ruwa a buɗe a tsakiyar ƙanƙara. Da zarar rana ta dawo bayan watannin duhu, haskenta yakan sauka kai tsaye a wannan fili, ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya iya gani su yi ta hayayyafa har ruwan ya sauya launi. Su ne abincin kiril, wata halitta mai kama da ƙaramin jatan lande, da kuma wani ɗan kifi mai launin azurfa. Waɗannan biyun kuma su ne abincin kusan duk wani mai rai a yankin. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na tsuntsayen fengwin na Adélie da ke duniya a nan suke hayayyafa, haka kusan rubu'in manyan fengwin da ake wa laƙabi da sarakuna. Akwai dabbar sil ta Weddell, mai shayarwa da ke rayuwa tsakanin ruwa da ƙanƙara, akwai wel iri-iri, wato manya-manyan dabbobin teku masu siffar kifi, har da wani jinsi na wel mafarauci wanda kifi ne cimarsa.

A 2008 wani bincike da aka buga a mujallar Science ya auna yadda ayyukan ɗan Adam suka taɓa tekunan duniya, Tekun Ross ya fito a matsayin wanda aka fi barin sa yadda Allah ya halitta shi. Ba wai hannu bai taɓa kai wa gare shi ba. Tun a 1923 wani ɗan Norway, Carl Anton Larsen, ya shiga da jirgin sarrafa wel, kuma a shekarun da suka biyo baya aka yi wa shuɗin wel, dabba mafi girma a doron ƙasa, kisan da har yau bai gama farfaɗowa daga gare shi ba. Amma sauran tsarin rayuwar, tun daga ƙwayar tsiro har zuwa manyan mafarauta, yana nan da ƙafarsa. A yawancin tekuna an riga an kwashe manyan kifaye tun kafin masana su san yadda abin yake a da. A nan kuwa ana iya gani da ido.

Kifin da ya jawo jirage

Ana kiran sa kifin haƙori na Antaktika. Tsawonsa yakan kai mita biyu, nauyinsa ya haura kilo 100. Yana zaune a ruwan da sanyinsa ya kai kusan digiri biyu ƙasa da sifiri, inda jinin kifi na yau da kullum zai daskare. A ƙarshen shekarun 1960 wani masani ɗan Amurka, Arthur DeVries, da ke aiki a sansanin bincike na McMurdo a bakin Tekun Ross, ya gano cewa kifayen wannan dangi suna da wani sinadari a jininsu da ke maƙale wa ƙwayar ƙanƙara tun tana ƙarama ya hana ta girma. Kifin ba shi da jakar iskar da sauran kifaye ke amfani da ita wajen tashi da nutsewa, don haka kitse ne ke ɗaga shi a ruwa. Wannan kitsen da ke rayar da shi, shi ne ya zame masa ajali, domin shi ke sa tsokarsa ta yi fari da laushi, manyan gidajen abinci a Amurka da Asiya suna saye da tsada a ƙarƙashin sunan kasuwa da ke danganta shi da ƙasar Chile.

Jirgin farko da ya gwada kamun sa a Tekun Ross na New Zealand ne, a kakar 1996 zuwa 1997. Cikin 'yan shekaru jiragen ƙasashe da dama suka bi sahu, abin da ake kamawa ya tsaya a wajen tan 3,000 duk shekara. Da mamari ake kamun, sai dai mai koto: igiya mai tsawon kilomitoci, ɗauke da dubban ƙugiyoyi, a jefa ta ta kwanta a ƙasan teku a zurfin da yakan wuce mita 1,000, a dawo a jawo. Ana buɗe kaka ranar 1 ga Disamba, ana rufewa da zarar an cika adadin da aka ƙayyade wa kowa da kowa a dunƙule. Wato rige-rige ne, wanda ya riga shi ya kwasa. Wannan ne ke sa jirage kutsawa cikin ƙanƙara a lokacin da hankali zai ce a dakata. A Disambar 2010 wani jirgin Koriya ta Kudu ya nutse a ruwan da ke arewa da Tekun Ross, cikin mutum 42 da ke ciki 20 kawai aka ceto. A ruwa irin wannan, wanda ya faɗa ba shi da fiye da 'yan mintuna.

A yi wa wannan sana'a adalci, tana cikin waɗanda aka fi sa wa ido a duniya. Kowane jirgi yana ɗauke da jami'an lura, kuma a kan kowane tan da aka kama dole a sa wa kifi ɗaya alama a sake shi da rai, domin a riƙa ƙiyasta yawan da ya rage. Matsalar tana cikin ma'aunin da aka gina lissafin a kansa. Ƙa'idar ta yarda a rage kifayen da suka isa haihuwa har zuwa rabin yawansu na asali. Ga mai kallon kifin a matsayin haja, rabi ya isa ya ci gaba da hayayyafa. Ga dabbar sil da wel mafarauci da ke cin manyan kifin kuwa, rabi ya tafi ke nan, kuma manyan ake fara kwashewa. Macen kifin ba ta fara ƙwai sai ta kai wajen shekara 16 ko 17.

Masanan McMurdo sun daɗe, tun shekarun 1970, suna huda ƙanƙara su zura ƙugiya su kamo kifin, su auna shi su sake. Bayan shekara ta 2000 sai suka ba da rahoton cewa manyan sun yi ƙaranci ƙwarai. Wasu masanan New Zealand suka ce a'a, sauyin ƙanƙara ne da sauyin wuraren da ake zura ƙugiyar. Wannan gardamar kanta ita ce babbar hujjar killace wurin, domin muddin ana kamu a ko'ina, babu inda za a tsaya a kwatanta a gane ko ƙugiya ce ta yi ɓarnar ko yanayi.

Wa ke da iko a tekun da ba na kowa ba?

Yarjejeniyar Antaktika da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959 ta jingine duk wata da'awar mallakar ƙasa, ta keɓe nahiyar don zaman lafiya da bincike, amma ba ta tanadi tsarin kamun kifi ba. An ga illar hakan da wuri. A farkon shekarun 1970, cikin kaka biyu kacal, jiragen Tarayyar Sobiyet suka kusa ƙarar da wani nau'in kifi a kewayen tsibirin South Georgia, daga nan suka juya kan kiril. Tsoron kada a kwashe abin da komai ya dogara a kai shi ya haifar da wata yarjejeniyar da aka ƙulla a Kanbera a 1980, ta fara aiki a 1982, da hukumarta da ake kira CCAMLR, mai zama a Hobart duk watan Oktoba.

Abu biyu a cikin tsarin hukumar su suka juya duk labarin da ya biyo baya. Na farko, yarjejeniyar ta ce manufarta kiyayewa ce, amma ta ƙara da cewa kiyayewa ta haɗa da amfani cikin hankali. Masu son kariya suna riƙe da farkon jimlar, masu jiragen kamun kifi suna riƙe da ƙarshenta. Na biyu, ba a yanke wani muhimmin hukunci sai kowa ya yarda. Kowace ƙasa, komai ƙanƙantar ruwanta da tsakinta a lamarin, tana da kujerar na-ƙi.

Shekara biyar na ciniki

A 2009 hukumar ta killace yanki na farko kusa da tsibiran South Orkney, ba tare da wata hayaniya ba, domin an zana iyakarsa ta yadda ba ta taɓa wuraren da ake kamu ba. Tekun Ross ba haka yake ba, akwai kuɗi a ciki.

A 2012 Amurka da New Zealand suka zo taro kowacce da taswirarta. New Zealand tana da jirage a can, don haka ta kauce wa wuraren da kifi ya fi yawa. A zauren taron suka haɗe shawarwarin biyu suka zama ɗaya, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan 2, amma ba ta samu shiga ba. Aka kira zama na musamman a Bremerhaven ta Jamus a Yulin 2013, inda Rasha, da goyon bayan Yukren, ta tayar da tambayar da ba wanda ya zata: shin hukumar ma tana da hurumin killace teku a doka? Wannan kuwa bayan shekara huɗu da yin hakan da yardar kowa. Taron ya watse ba a tsinana komai ba. Kafin ƙarshen shekarar masu shawarar suka zabtare kusan kashi 40 cikin ɗari na yankin, duk da haka aka ƙi. A 2014 rikicin Kirimiya ya ɓata tsakanin Rasha da ƙasashen Yamma, maganar kifi ta bi ruwa.

Sin ce ta fara sassautowa a 2015, bayan an ƙara wani yanki a yamma inda aka halatta kamun kiril da sunan bincike. Saura Rasha. John Kerry, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya ɗauki maganar da kansa har gaban shugabannin Rasha. Wani ɗan ninƙaya, Lewis Pugh, ya shiga ruwan Tekun Ross a Fabrairun 2015 daga shi sai ɗan kamfai da hular roba, a ruwan da ke ƙasa da sifiri, sannan ya yi ta zirga-zirga zuwa Mosko yana neman a saurare shi. Rasha kuma ta riga ta ayyana 2017 a matsayin shekarar muhalli. Duk waɗannan sun taimaka, amma abin da ya buɗe ƙofar ciniki ne. An ware wani yanki na musamman a tsakiya, inda kifin ya fi yawa, aka bar kamu a ciki a kan kaso mai iyaka. An buɗe wasu wurare a wajen iyakar da a da suke rufe, ta yadda jimillar abin da ake kamawa ba ta ragu ba, wuri kawai ta sauya. Galibin duwatsun ƙarƙashin teku da ke arewa, inda masana ke ganin can kifin ke zuwa yin ƙwai da hunturu, an bar su a waje. Wa'adin shekara 50 da aka zo da shi kuma aka mayar da shi 35.

Ni dai ina ganin waɗanda suka karɓi wannan ciniki sun yi daidai. Da babu gara ba daɗi, kuma abin da aka samu ba ƙarami ba ne: gaɓar da ƙananan kifin ke girma, wuraren kiwon fengwin da sil, da kewayen tsibiran Balleny, duk sun shiga. An kuma nuna cewa Amurka da Rasha da Sin suna iya sa hannu a takarda ɗaya a shekarar da suke hararar juna kan Siriya da Yukren. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka yi ta shelar cewa an ceci Tekun Ross. Aron lokaci aka samu.

Abin da ya biyo baya

An zaci Tekun Ross zai zama mabuɗi. Tun daga 2016 kuwa hukumar ba ta sake killace ko taku ɗaya ba. Shawarar Gabashin Antaktika da Ostireliya da Tarayyar Turai suka kawo tun 2012, da ta Tekun Weddell da Jamus ta shirya, da ta zirin Antaktika da Ajantina da Chile suka gabatar a 2018, duk shekara ana kawo su, duk shekara Rasha da Sin suna cewa hujjar kimiyya ba ta wadatar ba. An yi zama na musamman a Santiyago a Yunin 2023 kan wannan batu kaɗai, aka tashi hannu rabbana. Hatta tsarin bincike da sa ido na Tekun Ross, wanda da shi za a auna ko kariyar tana aiki, ya sha fama da wannan turjiya a zauren hukumar.

A Janairun 2020 jirgin sintiri na sojin saman New Zealand ya ɗauki hoton wani jirgin kamun kifi na Rasha a wurin da aka rufe kamu, alhali na'urar da ke nuna inda yake tana cewa yana can nesa da ɗaruruwan mil. New Zealand ta nemi a sa shi a jerin jiragen da ke kamu ba bisa ƙa'ida ba. Rasha ta musanta zargin, kuma da yake sai kowa ya yarda, maganar ta mutu a nan. Wanda ake ƙara yana cikin alƙalai, kuma ƙuri'arsa ɗaya ta isa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne a ɗaya gefen nahiyar. Akwai wata doka da ke tilasta rarraba kamun kiril a yankuna huɗu, don kada jirage su taru a bakin wuraren da fengwin da wel ke kiwo. A Oktoban 2024 wa'adinta ya cika, ba a samu yardar kowa a sabunta ta ba, sai ta faɗi. A kakar 2025 jirage suka cika iyakar tan 620,000 a karo na farko a tarihi, aka rufe kamun tun a watan Agusta. Babu wanda ya kaɗa ƙuri'ar soke dokar nan. Shiru kawai aka yi har lokacinta ya wuce, kuma da irin wannan igiyar aka ɗaure kariyar Tekun Ross.

Can a ƙuryar arewa ma haka zancen yake. A 2018 ƙasashe tara da Tarayyar Turai suka sa hannu a Ilulissat ta Girinlan cewa ba za a yi kamun kasuwanci a tsakiyar Tekun Aktik ba. Sun yi abin a yaba, domin sun rufe ƙofa tun kafin jirgi ko ɗaya ya shiga. Amma ita ma yarjejeniyar, da ta fara aiki a 2021, ta shekara 16 ce, kuma ƙasa ɗaya na iya hana tsawaita ta.

Abin da iyaka ba ta tarewa

Layin da aka ja a taswira yana hana ƙugiya, ba ya hana zafi. Tekun Kudu shi ke shanye wajen kashi 40 cikin ɗari na iskar kabon da tekunan duniya ke ɗauka daga hayaƙin da ɗan Adam ke fitarwa, wannan kuma yana ƙara wa ruwan tsami, yana wahalar da ƙananan halittu masu ɓawo. Ƙanƙarar saman teku da ta daɗe tana ƙaruwa a kewayen Antaktika ta juya tun daga 2016, har a Fabrairun 2023 ta sauka zuwa murabba'in kilomita miliyan 1.79, mafi ƙanƙanta tun da aka fara auna ta da tauraron ɗan Adam.

Ga abin da wannan lissafi ke nufi a ƙasa. Babban fengwin a kan ƙanƙarar da ta manne da gaɓa yake ƙyanƙyasa. Namiji yana ɗora ƙwai a kan ƙafafunsa, ya rufe da fatar cikinsa, ya tsaya cikin duhun hunturu wata biyu ba ci. Ɗan da ya fito yana sanye da gashi mai laushi da ke jiƙewa, kuma ba ya samun gashin da ruwa ba ya ratsawa sai wajen Disamba. Dole ƙanƙarar ta jira shi. A ƙarshen 2022, a Tekun Bellingshausen da ke gabas da Tekun Ross, ba ta jira ba. Ta farfashe tun a Nuwamba, kuma hotunan tauraron ɗan Adam da masanan Birtaniya suka bincika sun nuna cewa a mazauni huɗu cikin biyar da alama ba ɗan tsako ko ɗaya da ya tsira.

Tekun Ross ma ya taɓa ɗanɗana abin da sauyin ƙanƙara ke yi. A Maris na 2000 wani dutsen ƙanƙara mai tsawon kusan kilomita 295 ya ɓalle daga shimfiɗar, wani ɓangarensa ya zo ya toshe bakin mashigar McMurdo shekara da shekaru. Ɓallewar irin wadda aka saba gani ce, ba a ɗora ta a kan ɗumamar yanayi ba, amma ta nuna yadda rayuwar ke rataye da zare: fengwin na Adélie suka riƙa takawa kilomitoci masu yawa a kan ƙanƙara kafin su kai ga ruwa, da yawa ba sa dawowa da abinci a kan lokaci, 'ya'ya suka yi ta mutuwa a sheƙa. Masana suna hasashen cewa Tekun Ross, saboda kusancinsa da ƙuryar kudu, yana cikin wuraren da ƙanƙara za ta fi daɗewa. In haka ne, nan ne mafakar ƙarshe ta waɗannan halittu, kuma buƙatarsu gare ta za ta fi tsanani ne daidai lokacin da wa'adin ke cika.

A 2027 hukumar za ta yi bitar shekara goma ta farko, inda za a tambayi ko kariyar ta cimma manufarta. Macen kifin da aka ƙyanƙyashe a shekarar da dokar ta fara aiki za ta kasance 'yar shekara goma a lokacin, tana kiwo a ƙasan ruwan da aka killace, ba ta ko fara ƙwai ba. Sai wajen 2034 za ta nausa arewa a karon farko zuwa duwatsun ƙarƙashin teku, ta tsallake layin, ta shiga inda mamari ke kwance. In ta tsira ta dawo, a 2052 tana da shekara 35.